Daga Ina Dokar Jira Kafin Shiga Ruwa Ta Fito?

Masuncin da ke sammakon shiga madatsar ruwa ta Mairuwa, kusa da Funtuwa, da ɗan wasan ninkaya mai atisayen asuba, tambaya ɗaya ce a gabansu: su shiga ruwa ciki wayam, ko su karya kumallo tukuna?

Fiye da shekara ɗari, amsar da ta bazu a duniya ita ce a jira. A 1908 Baden-Powell, hafsan sojan Ingila da ya kafa ƙungiyar Sikawut, ya gargaɗi yara a littafinsa Scouting for Boys cewa wanda ya shiga ruwa kafin awa ɗaya da rabi da cin abinci, jijiyoyinsa na iya ɗaurewa ya nutse. Bai kawo wata hujja ba, amma iyaye da malamai suka riƙe maganar tamkar karatun allo. A 2011 kwamitin masana na ƙungiyar Red Cross ta Amurka ya bi diddigin lamarin, bai sami shaidar cewa cin abinci na jawo nutsewa ba.

Yunwa kuwa, wadda dokar ba ta kula da ita ba, tana da nata haɗarin. Cikin dare hanta takan ƙarar da kaso mai yawa na sukarin da ta tanada, kuma jiri a tsakiyar ruwa, balle da sanyin hunturu, ba abin wasa ba ne.

Kokon gero mai ɗumi ko dabino kaɗan sun wadatar, domin ba sa daɗewa a ciki. Ƙosai ya sha mai, yana jinkirin narkewa. Shi da ɗumamen tuwo sai an fito.