Haruffa Masu Ƙiba: Daga Burmi Zuwa Kasuwar Gadarif

Kwanakin baya ɗan ƙanena ya kira ni in ga allon da yake tsara wa shagonsa na alawar riɗi a kasuwar Gadarif. Ya zaɓi wasu haruffa masu ƙiba, duk kusurwoyinsu a dunƙule. Ya ce, "Baffa, wannan shi ne yayi, yara na gani za su tsaya." Na yi dariya, domin a ɗakina akwai abin da ya girmi wannan yayi nesa ba kusa ba.

Alƙur'anin kakana ne, rubutun hannu, cikin gafaka. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'a da dama sun yi hijira gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, wasu kuma suka bazu har nan Gadarif suna noman dawa da riɗi. Da irin wannan rubutu suka zo: kauri, baƙi wuluk, ƙwaryar nunun ta zagayo kamar bakin tukunya. Alƙalamin kara mai faɗin baki da tawada ne suka ba shi wannan siffa. Fa'unsa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, bisa ƙa'idar Magariba, ba irin bugun Masar ba. Kaurin kuwa ba ado ba ne kawai. Almajirin da ke karatu da hasken wutar kara, harafi siriri ɓace masa yake yi.

Turawa ma buƙatar ido ce ta kai su can. A 1922 Oswald Cooper na birnin Chicago a Amurka ya fitar da salon haruffan Cooper Black, masu nauyi da laushin gefe, don talla da kanun labarai. Shi ne a jikin jiragen easyJet. Su sun ɗauke shi harafin raha da jan mai saye, mu kuwa da irinsa muka rubuta abin da ya fi komai girma a wurinmu.

Rubutun namu bai tsaya a takarda ba. A Kano an riƙa buga Alƙur'anan da Sharu Bala Gabari ya rubuta da hannunsa, sannan a 2017 ƙungiyar SIL ta saki salon kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka kwaikwayo daga rubutun Kano.

Abin da ya dame ni shi ne, da na buɗe gafakar na miƙa wa yaron shafi ɗaya, sai ya karanta ƙaf a matsayin fa'u, ya yi shiru. Makarantar da ya yi ba ta san wannan hannu ba. Na ce masa allon shago yana nan, ba zai gudu ba. Yanzu kullum bayan Magariba yakan zo, mu yi layi uku.