Langa (wasa)

Langa wasan gargajiya ne na Hausawa da ake yi a kan ƙafa ɗaya. Ɗan wasa yakan lanƙwashe ƙafa guda, ya riƙe ta da hannu, sannan ya riƙa tsalle da ɗayar yana kai hari ko yana kare kansa. Ana yin sa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ciki har da ƙasar Daura a Jihar Katsina. Asalinsa wasan dandali ne na yara maza da samari, amma yanzu yana cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a matakin ƙasa a Najeriya.

Kalmomin wasan

Kalmomin langa daga maganar yau da kullum aka ɗauko su. Ɗan wasan da ƙungiya ta dogara a kansa shi ake kira "ruwa". Idan ya isa wurin da aka ayyana ba tare da an kayar da shi ba, sai a ce ya "sha". Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafarsa kuwa an "kashe" shi ke nan. Sunayen biyu daga cikin nau'o'in gasar, Tureshi da Kawoshi, umarni ne da aka haɗe ya zama suna, wato "ture shi" da "kawo shi".

Yadda ake yin sa

Ana raba 'yan wasa gida biyu. A zaɓi wurin sha, kamar gindin bishiya ko jikin katanga ko da'irar da aka zana a ƙasa. Ɓangare ɗaya ya fitar da ruwa, 'yan'uwansa su kewaye shi suna buɗe masa hanya, ɗaya ɓangaren kuma ya tare hanyar yana neman kayar da shi. Kowa yana kan ƙafa ɗaya, don haka da kafaɗa da hannun da ya rage ake yin turi da kariya. Duk wanda ƙafarsa ta biyu ta taɓa ƙasa ya fita daga wannan zagayen. Idan ruwa ya sha, ɓangarensa ya ci. Idan aka kashe shi, sai ɗaya ɓangaren ya fitar da nasa ruwan.

Ƙarfi kaɗai ba ya isa a langa. Mai nauyin jiki yakan gaji da wuri, shi ya sa galibi ake ba mai sauri da iya kauce-kauce matsayin ruwa, a bar ƙarfafa su tare masa abokan hamayya. Wasan yana ƙarfafa cinya da ƙwauri, yana kuma koyar da daidaita jiki da aiki tare.

A ƙasar Daura

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Yanki ne na manoman gero da dawa da wake, kuma yana iyaka da Jamhuriyar Nijar. Kamar a sauran ƙasar Hausa, lokacin langa shi ne kaka da rani, bayan an kammala aikin gona, musamman da dare idan akwai farin wata. Ƙasar yankin mai rairayi ce, abin da ke rage jin ciwo idan an faɗi. Wasan ba ya buƙatar ƙwallo ko takalmi ko kuɗi, kuma yaro a wurin yayyensa yake koyonsa, ba a wurin malami ba.

Zamansa wasan gasa

A shekarar 1993 aka kafa ƙungiyar kula da wasannin gargajiya ta Najeriya. Wasannin da take kula da su sun haɗa da dambe da kokawa da langa da ayo da abula. A ƙarƙashinta langa ya samu rubutattun dokoki, da fili mai iyaka, da alƙalai, ya kuma shiga Bikin Wasanni na Ƙasa, wanda aka fara a Legas a 1973. Ana yin gasar a nau'o'i uku. Ruwa shi ne ya fi kama da na dandali. A Tureshi ana neman ture abokin karawa har ya fita daga fili ko ya saki ƙafa. A Kawoshi kuma ana neman janyo shi zuwa ɓangaren mai janyowa. Shigarsa bikin ya sa jihohin da ba na Hausawa ba su ma suka fara horar da 'yan wasan langa.

Matsaloli

Babbar matsalar langa ita ce raguwar wasan dandali. Ƙwallon ƙafa da gidajen kallo da wayar hannu sun ɗauke hankalin yara, cirani kuma yana kwashe samari a daidai lokacin da aka saba yin wasan. Ga shi langa ba sana'a ba ce. Dambe da kokawa suna da makaɗa da iyayen gida da 'yan kallo masu biyan kuɗi, shi kuwa langa ana ɗaukarsa wasan yara da ake bari idan an girma. Bikin Wasanni na Ƙasa an tsara shi ne duk bayan shekara biyu, wani lokaci ma akan ɗage shi, saboda haka ɗan wasa yakan daɗe bai samu babbar gasa ba.

Makoma

Wasu ƙananan wasanni sun rayu ne ta hanyar samun gasa mai tsayayyen lokaci. Kokawa a Nijar tana da gasar ƙasa tun 1975, inda jihohin ƙasar ke neman takobi, ana kuma watsa ta a rediyo da talabijin. Kabaddi, wasan ƙauye na Indiya wanda shi ma ba ya buƙatar kayan aiki, ya shiga Wasannin Asiya a 1990, ya kuma samu gasar ƙwararru ta talabijin a 2014. A tsibirin Easdale da ke Sikotilan, mai mazauna kimanin 60, ana yin gasar duniya ta jifan faffaɗan dutse a saman ruwa, inda ake auna nisan da dutsen ya yi yana tsalle kafin ya nutse. An fara ta a 1983, aka farfaɗo da ita a 1997, kuma tana jawo masu gasa daga ƙasashe da dama.

Langa yana da dokoki da gurbi a matakin ƙasa, yana kuma da tushe a ƙauyuka. Giɓin yana tsakanin biyun, wato gasar makarantun firamare da sakandare, da ta unguwanni da gundumomi, inda za a riƙa gano 'yan wasa. A ƙasar Daura, taruka irin su Sallar Gani da manyan makarantun garin, kamar Kwalejin Yusuf Bala Usman da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wurare ne da ke tara matasa da 'yan kallo waɗanda irin wannan gasa ke buƙata.