Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure a Kudancin Kano: Tsakanin Littafi da Al'ada

A ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Kano, an daɗe ana bin hukunci biyu a kan yaron da auren iyayensa ya mutu. Na farko shi ne na al'ada, wanda ke cewa ɗa na uba ne. Idan aka saki mace da goyo, takan tafi da shi gidansu har ta yaye shi, sannan uba ya aiko a karɓe, ya danƙa wa mahaifiyarsa ko ƙanwarsa ko wata matarsa. Maguzawan wannan yanki ma haka suke yi, domin a wurinsu yaro na gidan ubansa ne, kuma hannu ne a gandu.

Na biyu shi ne na littafi. Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Shehu Halilu, waɗanda alƙalan Kano ke hukunci da su, sun bai wa uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare a gidan miji, uba kuma yana ciyarwa da tufatarwa. Idan uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, haƙƙin ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, kafin a zo kan kakar wajen uba. Shi uban can baya yake a jerin. Malamai da yawa sun karanta wannan babi a zaure, amma idan abin ya zo gidajensu sai su bi al'ada.

To, me ya hana mata neman haƙƙinsu? Abu na farko kunya. Macen da ta kai uban 'ya'yanta ƙara akan ce ta zubar da mutuncin gidansu, iyayenta ma sukan hana ta. Na biyu, bazawara ba ta daɗewa ba ta yi aure ba, kuma ba kowane miji ke son agola ba. Saboda haka yawancin rigingimu a gaban mai unguwa ko dagaci ko liman suke ƙarewa, kuma sulhun nasu ya fi karkata ga uba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an zaunar da alƙalai a gundumomi, abin da ya kawo shari'a kusa da talaka. Sai dai dokar wancan zamani ta hana lauya shiga kotun alƙali. Mace ita ke faɗin bakinta, ko waliyyinta ya tsaya mata. A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, amma ina matar Riruwai ina Kaduna? A 1968 aka karɓe kotunan daga hannun En'e suka koma ƙarƙashin gwamnatin jiha, a 2000 kuma Jihar Kano ta mayar da su kotunan Shari'a.

Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ta fara ne da shari'o'in laifi, sai dokar 2011 ta faɗaɗa aikinta. Hukumar Hisba kuwa, tun daga 2003, ta zama wurin da mata da yawa ke fara kai kuka, domin ba a biyan kuɗi kuma a kusa take. Amma Hisba sulhu take yi. Umarnin miƙa yaro ko yanka wa uba kuɗin ciyarwa aikin alƙali ne, wanda bai gamsu ba kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a. A 2023 Jihar Kano ta sami Dokar Kare Yara. Lauyoyi da ƙungiyoyin mata masu tsayawa kyauta dai yawancinsu a birni suke, ga kuma dajin Falgore tsakanin mutanen Doguwa da birnin.