Tarihin Fasahar Tarkace: Daga Duchamp Zuwa El Anatsui

A Turai da Amurka tarkace ya fara shiga ɗakunan baje kolin fasaha, a farkon ƙarni na 20. A 1917 Marcel Duchamp ya miƙa wa wani baje koli a New York kwanon fitsari na tangaran, ya raɗa masa suna Fountain, don ya ƙure masu cewa sai abin da hannu ya sassaƙa ake kira fasaha. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Kurt Schwitters ya riƙa tsintar tikitin mota da guntayen jarida a titunan Hanover yana mannawa, a 1967 kuma aka sa wa wasu 'yan Italiya masu aiki da tsumma da gawayi sunan Arte Povera. Rigimar waɗannan duka da gidajen tarihi ce da masu kuɗin da ke sayen zane. Batun muhalli daga baya ya shigo.

Wanda ya sauya akalar abin ɗan Ghana ne, El Anatsui, haifaffen Anyako a 1944, wanda ya fara koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1975. Ya daɗe yana aiki da yumɓu da katako kafin, a ƙarshen shekarun 1990, ya ci karo da buhun murafun kwalaben barasa da aka yar. Matasan da ke ɗakin aikinsa su daddaƙe murfin sanholon ya baje, su huhhuda shi, su ɗinke da wayar tagulla, dubu bisa dubu, har ya zama ƙaton mayafi mai sheƙi. Daga nesa kamar yadin kente na Ghana, sai an matso ake karanta sunayen kamfanonin barasa. A nan nauyin aikin yake, domin barasa na cikin hajar da Turawa suka riƙa musanya da bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. Murfin da mashayi ya jefar ya zama shaidar tsohon ciniki. A 2007 ya lulluɓe fuskar Fadar Fortuny a Venice, a 2015 ya karɓi lambar Zakin Zinare ta can, a 2023 kuma ya cika babban zauren Tate Modern a Landan. Ba ya ƙayyade yadda za a rataye aikinsa, saboda a ganinsa ba abin da ke da siffa ɗaya har abada. Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin ma da tarkace yake aiki: jarkokin fasa-ƙwaurin fetur daga Nijeriya yake mayarwa fuskokin dodanni.

Masu suka na cewa wannan bai rage juji ko ɗaya ba, kuma attajiran ƙasashen da suka fi kowa zubar da shara ne ke saye. Gaskiyarsu, rabi. Ɗan gwangwan mai tura baro ya fi kowane mai fasaha kwashe ƙarfe daga bola, kuma maƙeran da ke mayar da gwangwanin madara fitilar aci-bal-bal ba su jira wani baje koli ba. Sai dai share gari aikin hukumar tsafta ne. Aikin mai fasaha shi ne ya tsayar da mutum gaban abin da ya yar, ya sa shi tambayar inda ya fito da wanda ya ci ribarsa. Ƙorafin kasuwa kuwa yana nan daram: yawancin manyan ayyukan da aka ɗinka a Nsukka suna rataye ne a Turai da Amurka.