Fitilar da ake saki sama a biki: yadda take aiki da yadda hukumomi ke taka mata birki

Duk mai kallon bidiyon bukukuwa a waya ya taɓa ganinta: ango da amarya sun riƙe wata jakar takarda, an kunna wuta a gindinta, ta kumbura, sun sake ta ta yi sama. Wannan ita ce fitilar sama. Asalinta daga China ne, kuma har yau ana babban biki da ita a Chiang Mai ta ƙasar Thailand a watan Nuwamba, da garin Pingxi na Taiwan a farkon shekararsu. Yanzu kuwa kasuwar intanet ta kai ta ko'ina.

Haɗinta ba wuya. Takarda ce marar nauyi, da zoben gora ko na waya a baki, sai ɗan ƙyalle ko kwali da aka jiƙa da kakin kyandir a tsakiya. Wutar na ɗumama iskar ciki, iska mai zafi kuma ta fi ta waje rashin nauyi, sai fitilar ta tashi. Matsalar ita ce daga lokacin da ta bar hannunka ba ka da iko da ita. Iska ce ke jan ta, tana iya yin tafiyar kilomitoci, kuma ba kullum wutar ke mutuwa kafin ta sauko ba. In ta karkata, takardar kanta ta kama.

Ba a faɗin wannan don tsoratarwa. A ƙarshen watan Yunin 2013 fitila ɗaya tak ta faɗa wani wurin tara robobi a Smethwick, kusa da Birmingham a Ingila. Kyamarar tsaro ta ɗauki saukarta. Robobi kusan tan dubu 100 suka ƙone, 'yan kwana-kwana wajen 200 suka yi ta fama, aka ƙiyasta asarar fam miliyan 6. A daren shiga shekarar 2020 kuma, a garin Krefeld na Jamus, wata uwa da 'ya'yanta mata biyu suka saki fitilu da suka saya ta intanet. Ɗaya ta sauka kan rufin ɗakin birai na gidan namun dajin garin, dabbobi fiye da 30 suka mutu. Da kansu suka kai kansu wajen 'yan sanda, suka ce ba su san an hana ba. Alhali jiharsu ta hana tun 2009.

Wadda ta fi shafar masu shirya taro ita ce ta Koriya ta Kudu. A watan Oktoban 2018 wani lebura ɗan ƙasar waje ya tsinci fitilar da ta faɗo bayan wani taron makarantar firamare, ya kunna ya sake ta. Ta sauka a ciyawar da ke gefen rumbun man fetur a garin Goyang, tanki ya kama ya yi ta ci sa'o'i masu yawa. Shi aka gurfanar, aka ci shi tara. Ka ga taro ya watse, amma abin da ya bari bai gama aiki ba.

To, wa ke da ikon hanawa?

Nan ne mutane ke rikicewa, domin dokar ba iri ɗaya ba ce, kuma sau da yawa ba ta gwamnatin tarayya ba ce. Wasu ƙasashe sun yanke magana gaba ɗaya. Brazil, inda ake da tsohuwar al'adar sakin irin wannan balan-balan a bukukuwan watan Yuni, ta sa a dokar muhalli ta 1998 cewa ƙera shi, sayar da shi, ɗaukarsa ko sakinsa laifi ne mai ɗaurin shekara 1 zuwa 3, ko tara, ko duka biyu. Ostareliya ta hana sayar da ita tun 2011.

A Ingila kuwa babu dokar ƙasa da ta hana. Ƙananan hukumomi ne ke hanawa ɗaya bayan ɗaya, kuma yawanci a filayensu kawai: filin wasa, wurin shaƙatawa, zauren da suke bayarwa haya. Mai neman izinin taro zai tarar da sharaɗin a takardar da zai sa wa hannu. A yankin Wales dukkan ƙananan hukumomi 22 sun ɗauki wannan mataki. Manoma na cikin waɗanda suka fi matsa lamba, kuma duk wanda ya san harkar shanu zai gane dalili: wayar fitilar kan faɗa cikin ciyawa, saniya ta haɗiye, ta huda mata ciki. A Amurka ma jihohi da birane ne ke yin tasu dokar. Su kansu 'yan Chiang Mai ba a bar su sakaka ba, hukumar lardi ce ke tsayar da rana da lokaci da wuri, kamfanonin jiragen sama kuma su soke wasu tafiye-tafiye ko su sauya musu lokaci.

Don haka ganin ana sayar da abu a kasuwa bai nuna an yarda a kunna shi a inda kake ba.

Ga mu mazauna kudu, maganar ba ta yi nisa ba. Unguwanninmu na Sabo da kasuwanninmu cike suke da rumfunan katako da leda da buhuna, ga jarkokin mai a gefen janareta. Lokacin hunturu, wanda shi ne lokacin da bukukuwa suka fi yawa, komai a bushe yake. Mutanen Agege kuma filin jirgin Ikeja na maƙwabtaka da su. Wanda ya daɗe a Legas bai manta gobarar Jankara ta 26 ga Disamban 2012 ba, da rumbun kayan tartsatsin wuta na bukukuwa ya fashe ya ci gine-gine. Kusan duk ƙarshen shekara rundunonin 'yan sanda na jihohi kan sanar da hana irin waɗannan kayan.

A Legas, Hukumar Kula da Kariya ta jiha ce ke ba manyan taruka izini, hukumar kashe gobara kuma ita ce ke da ta cewa kan duk abin da ya shafi wuta. Wanda zai shirya biki ko taron ƙungiya ya fara da su, ko da takwarorinsu a jiharsa, sannan ya tambayi mai wurin da ya kama haya, don sharaɗin mai wuri ma abin bi ne. Ya sanar da sarkin Hausawa ko shugabannin kasuwa, su ne za a fara nema in wani abu ya faru.

Abubuwan da masu duba wuri suka fi lura da su sanannu ne. Kada a kulle ƙofar fita ko a tare ta da kujeru da motoci. Masu girki da tukunyar gas su yi nesa da rumfa. Ba a zuba wa janareta mai yana aiki. A ajiye tukunyar kashe gobara inda ido ke gani, a kuma sami mutum biyu ko uku da suka iya amfani da ita, ba wai a jingine ta don ado ba. A bar hanyar da motar kwana-kwana za ta shigo. Lambar gaggawa a Legas ita ce 112 ko 767, a rubuta ta a ba masu tsaron ƙofa tun kafin baƙi su fara isowa.