Warin magudanar banɗaki

Warin magudanar banɗaki shi ne ɗoyin da ke tasowa daga ramin da ruwan wanka ke bi ya fita, ko daga wurin wanke hannu, ko daga gindin masai na zamani. An fi fama da shi a ƙasashe masu zafi. Yawanci ba dattin da ke kan daɓe ne ke kawo shi ba. Iska ce da ke taruwa a cikin sokawe ko babbar kwata, ta biyo bututu ta dawo cikin gida. Shi ya sa akan wanke banɗaki fes, a fesa turare, amma kafin a jima warin ya dawo. A ginin zamani, abin da ke tare wannan iska ɗan ruwa ne da ke kwance a lanƙwasar bututu, kuma galibin hanyoyin rigakafi sun ta'allaƙa ne a kan kiyaye wannan ruwa.

Asalin warin

Idan najasa da sabulu da gashi da maiƙon jiki suka taru a inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, ƙwayoyin bakteriya kan ruɓar da su, su fitar da iskoki iri-iri. Wadda aka fi ji ita ce haidurojin salfaid, mai warin baragurbi. Akwai amoniya mai zarni, da kuma mitan, wadda ba ta da wari amma tana kama wuta.

Hancin mutum yana jin haidurojin salfaid ko da ba ta kai kashi 1 cikin miliyan na iskar ɗaki ba. Idan kuwa ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, takan kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta tafi alhali tana nan. Ta fi iska nauyi, don haka a ƙasan rami take kwanciya. Ɗan abin da ke shigowa banɗaki ba kasafai yake wuce sa ciwon kai da tashin zuciya ba, amma wanda ya shiga cikin sokawe domin yashewa ba tare da kariya ba zai iya suma, har ya rasa ransa.

Tarkon ruwa

Tarkon ruwa wata lanƙwasa ce a jikin bututu, mai siffar harafin U ko S ko P. Duk lokacin da aka zuba ruwa, mafi yawansa kan wuce, kaɗan ya tsaya a lanƙwasar ya toshe hanya. Iskar da ke ƙasa ba ta iya ratsa shi, haka ma kyankyasai da ƙudaje. Ruwan da ake gani kwance a cikin kwanon masai na zamani shi ma tarko ne. Ƙa'idojin gini da dama sun nemi zurfin wannan ruwa ya kasance tsakanin santimita 5 zuwa 10.

Alexander Cumming, wani mai ƙera agogo ɗan Sikotilan da ke aiki a Landan, shi ne ya yi rajistar masai mai tarkon S a shekarar 1775. Wannan dabara ce ta sa aka iya shigo da masai cikin ɗaki ba tare da warin rami ya biyo shi ba.

Tasirin zafi

Zafi yana ƙara matsalar ta fuska biyu: yana gaggauta ruɓewar datti, yana kuma busar da ruwan tarko. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram, zafin rana kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Hunturu ma, duk da sanyinsa, busasshiyar iskarsa tana shanye ruwa da sauri. Tarkon da aka fi samu a bushe shi ne na ramin daɓe, domin ya fi sauran rashin zurfi, sai kuma na banɗakin da ba a cika shiga ba, kamar na ɗakin baƙi, na ɗakunan kwanan ɗalibai lokacin hutu, ko na gidan da masu shi suka yi doguwar tafiya.

Ƙarancin ruwa yana da nasa hannu. Inda ake sayen ruwa wurin 'yan garuwa, mutane kan goge daɓe da tsumma maimakon su kwara ruwa, sai ramin daɓen ya yi makonni ko ɗigo bai samu ba. Fankar da ke zuƙe iskar banɗaki tana ƙara dagula lamarin idan ƙofa da taga suna rufe, domin iskar da za ta maye gurbin wadda aka fitar ta cikin busasshen bututun take shigowa.

Ba bushewa kaɗai ke kawar da ruwan tarko ba. Idan gini ba shi da bututun shan iska, ruwan da aka kora da ƙarfi a masai kan zuƙo ruwan tarkon da ke kusa, kuma alamarsa ita ce a ji magudana tana ƙugi. Gashi ko zare da ya rataya a lanƙwasar yakan tsotse ruwan a hankali kamar lagwani. A wasu gidajen ma babu tarkon tun farko, an miƙe bututu ne kai tsaye zuwa sokawe domin rage kuɗi. Irin wannan ba ya jin wanki, sai an fasa an gyara.

Abin da ya faru a Hong Kong

A shekarar 2003, cutar numfashi ta SARS ta kama mutane fiye da 300 a rukunin gidajen Amoy Gardens da ke Hong Kong, fiye da 40 suka mutu. Binciken hukumomin lafiya ya gano cewa tarkunan ramin daɓe a banɗakuna da yawa sun bushe, domin mazauna goge daɓe suke yi ba kwara ruwa ba. Fankokin banɗaki sun riƙa jawo feshin da ke ɗauke da ƙwayar cutar daga bututun najasa zuwa cikin ɗakuna. Tun daga lokacin hukumomin birnin ke shawartar jama'a su riƙa zuba kimanin rabin lita na ruwa a kowace magudana sau ɗaya a mako.

Rigakafi

Wannan rabin lita ita ce magani mafi sauƙi, kuma da bazara ana iya yawaita ta. Mai shirin tafiya zai iya cika tarkon, ya zuba cokali guda na man girki a kai domin ya rage bushewa, sannan ya rufe bakin ramin. Ana cire gashi daga marfin magudana a kai a kai, a goge yauƙin da ke manne a cikin bututu da buroshi da sabulu da ruwan zafi. Tafasasshen ruwa kan iya lalata bututun roba da mahaɗarsa.

A wajen gini, ana so kowace magudana ta samu tarko mai zurfi, a kuma fitar da bututun shan iska har ya zarce rufin gida, nesa da taga, a sa raga a bakinsa saboda sauro. Ana sayar da wani marfin roba da ke buɗewa idan ruwa ya zo, ya rufe idan ya wuce, yana taimakawa inda tarko ke saurin bushewa. Idan warin daga gindin masai yake, mahaɗarsa da bututu ce ta saki. Idan kuma duk magudanun gida suka ɗauki wari da jinkirin wucewar ruwa lokaci guda, musamman da damina, sokawen ne ya cika.

Yawan zuba sinadarai ba ya maye gurbin waɗannan. Bilic mai yawa yana kashe bakteriyar da ke narkar da najasa a sokawe, haɗa shi da asid na wanke masai kuma yana fitar da iskar kulorin mai guba. Zuba kalanzir ko baƙin mai yana jawo haɗarin gobara da gurɓata ruwan rijiya.

Gidajen gargajiya

A gidan da ruwan wanka ke bi ta rariya ya faɗa kwatami, babu tarko, kuma warin daga ruwan da ya kwanta yake fitowa. Ana rage shi ta hanyar gyara gangaren rariya, a cika kwatamin da duwatsu da tsakuwa domin ruwa ya nutse, a rufe samansa. Shaddar gargajiya kuwa ana yi mata marfi, a riƙa barbaɗa toka.

A shekarun 1970, Peter Morgan na cibiyar bincike ta Blair a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu ya ƙirƙiro shadda mai bututun iska. Iskar da ke kaɗawa a saman bututun tana zuƙo wari daga rami zuwa sama, zafin rana a jikin bututun kuma yana ƙara mata ƙarfi, shi ya sa akan shafa masa baƙin fenti. Ƙudajen da ke cikin rami kan bi hasken da ke saman bututun, raga ta tare su. Irin wannan shadda ba a toshe bakinta da marfi, domin ta nan iska ke shiga, kuma ana barin cikin ɗakin da ɗan duhu.