Kofi Nawa Ne a Cikin Tanki? Awon Ruwa Daga Moɗa Zuwa Lita

Baƙin tankin roba da ake ɗorawa bisa ƙarafa a kan rijiyar burtsatse ya zama sananne a garuruwan tsakiyar Jigawa, tun daga Dutse da Kiyawa har Jahun da Aujara. A jikinsa akan ga lamba, a ce lita 5,000. Injiniyan da ya kafa shi da lita ya yi lissafi, jami'in da ya ƙaddamar da shi ma lita ya ambata a jawabinsa. Matar da ke ɗiban ruwa a gindinsa kuwa jarka ta sani, da bokiti, da moɗar da take miƙa wa yaro. Tsakanin lambar jikin tankin da wannan moɗa akwai tarihi na fiye da shekara 200, kuma har yau ma'aunan biyu ba su gama fahimtar juna ba.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. Lita guda mililita 1,000 ce. Idan aka ɗauki tambulan mai cin mililita 250, wanda shi ne aka fi ƙaddarawa a littattafai, lita ɗaya kofi huɗu ke nan. Jarka mai lita 25 kofi 100 ce, durom mai lita 200 kofi 800, tanki mai lita 1,000 kofi 4,000, wancan mai lita 5,000 kuma kofi 20,000. A ninka yawan lita sau huɗu, an gama. Matsalar tana ga kalmar "kofi". Tambulan ɗin wani gida mililita 200 yake ci, lita ta zama kofi biyar. Na wani gidan ya haura 300, ta koma kofi uku. Babbar moɗar roba ko ta silba da ke kife a kan murfin randa kuwa takan ci rabin lita ko fiye. Lita tana da doka a bayanta, kofi kuwa abin da maƙeri ko kamfanin roba ya ga dama ne.

Bahaushe ba baƙon awo ba ne. Yana da mudu da tiya na hatsi, kuma a kasuwa akan yi rigima a kan cikarsu domin kuɗi ake bayarwa. Ruwa dai bai samu irin wannan kulawa ba, saboda a karkara ba sayensa ake yi ba, wahalar ɗauko shi ita ce farashinsa. Sunayen da muke da su na mazubi ne: guga, tulu, randa, gora, salka, ƙwarya, moɗa, ludayi. Tulun wani maginin tukwane ba lallai ya yi daidai da na wani ba, kuma babu wanda ya damu, tunda uwar gida ta san tulu nawa ke cika randarta, ta san kuma kwana nawa randar ke kai gidan. Inda aka samu ƙayyadadden awon ruwa shi ne a zauren karatu. Duk wanda ya karanta Risala ya ji cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu guda, ya yi wanka da sa'i, wato mudu huɗu. Mudun Annabi bai kai lita ɗaya ba. Ko a nan ma malaman Malikiyya ba su mai da shi iyaka ta dole ba, darasin taƙaita ruwa suka ɗauka daga ciki.

Wani mazubi da ya zo mana da girma iri ɗaya a ko'ina shi ne garwa. Kamfanonin Turawa sun riƙa shigo da kananzir da fetur a cikin gwangwanaye masu kusurwa huɗu, kowanne galan huɗu na Ingila. Galan ɗin nan doka ce ta 1824 ta tsayar da shi a Birtaniya, kuma ya ɗan haura lita huɗu da rabi, don haka garwa guda lita 18 ce da ɗoriya, kusan kofi 73. Idan kananzir ya ƙare sai a yanke saman, a sa itace a matsayin mariƙi, ta zama abin ɗiban ruwa. Ɗan ga-ruwa mai garwa biyu a sanda ya riƙa sayar wa Bahaushen birni ruwa da ma'aunin da mai saye da mai sayarwa duk suka yarda da shi. Babu wani jami'in mulkin mallaka da ya tsara haka. Shara ce ta zama ma'auni.

Abin da ya gaje ta ma yana da labari. A shekarun 1930 Jamusawa suka ƙera wa sojojinsu wani mazubin ƙarfe mai lita 20, mai mariƙi uku. A Yaƙin Duniya na Biyu, a saharar Arewacin Afirka, sojojin Birtaniya na fama da gwangwanayensu masu galan huɗu, dangin garwarmu, waɗanda ke yoyo suna asarar fetur a hanya. Da suka ga na abokan gaba sai suka kwaikwaya, suka raɗa masa suna daga laƙabin da suke kiran Bajamushe da shi, Jeri. Daga nan kalmar jarka ta samo asali. Jarkar da ke cike da kurar mai ruwa a yau ta roba ce, rawaya, yawanci mai lita 25, kuma man girki ta fara ɗaukowa kafin ta koma aikin ruwa. Tarihin garwa ne ya maimaita kansa.

Ita kuwa lita 'yar juyin juya halin Faransa ce. Dokar 1795 ta ayyana ta a matsayin cikin akwati mai santimita goma a tsawo, goma a faɗi, goma a zurfi, domin a raba talaka da ruɗanin ma'aunan da suka sha bamban daga gunduma zuwa gunduma. Ta iso ƙasar Hausa ta ƙofa biyu, a lokuta biyu. Maraɗi da Damagaram sun san ta tun zamanin mulkin Faransa, alhali Kano da Haɗeja suna kan galan. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga ta Maigatari ya daɗe yana fassara tsakanin biyun a ka. Nijeriya ta yi nata sauyin a farkon shekarun 1970, cikin jerin canje-canje da suka zo kusa da juna: tuƙi ya koma hannun dama a 1972, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, sannan dokar awo ta 1974 ta ɗora ƙasar a kan mita da kilo da lita. Kuɗi da tuƙi sun sauya a rana guda domin ba yadda za a yi. Lita kuwa ta tsaya a gidan mai da takardun gwamnati. Har gobe ɗan bumburutu galan yake sayarwa, sai dai galan ɗin nasa ya rame ya koma lita huɗu ba tare da an yi shela ba.

Akwai inda mai da lita zuwa kofi ke yaudarar mutum, kuma 'yan jarida muna cikin masu faɗawa wannan rami. Kofi 20,000 a tanki guda lamba ce mai daɗin faɗa. Idan aka raba ta da kofi takwas ɗin nan da ake cewa kowa ya sha a yini, sai a ce tankin ya ishi mutum 2,500. Ita kanta ƙa'idar kofi takwas ba ta da tushe mai ƙarfi. Ana danganta ta da wata shawara ta hukumar abinci ta Amurka a 1945, wadda ta ambaci lita biyu da rabi amma ta ƙara da cewa mafi yawansu na cikin abincin da ake ci, kuma a 2002 masanin ƙoda Heinz Valtin ya bi diddigi bai samu hujjar kimiyya a kanta ba. Manomin Aujara da ke sharar gona a zafin Afrilu ya fi ƙarfin kofi takwas. Babban kuskuren ma ba nan yake ba. Sha ƙaramin kaso ne na buƙatar gida, ga girki, ga wanka, ga wanki, ga alwala, ba a ma zo kan awaki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar kimanin lita 20 ga mutum guda a yini a matsayin matakin farko na samun ruwa. A wannan ma'auni cikar tankin nan guda mutum 250 take ɗauka, jarka 200 ke nan. Duk wanda ke son ya san ko aikin ruwa ya ishi unguwa, da jarka ya kamata ya fassara lita, sannan ya tambayi sau nawa tankin ke cika a yini.

Inda kofi ke zama batun rai da mutuwa shi ne gefen shimfiɗar yaro mai gudawa. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya nuna a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash cewa ruwan gishiri da sukari na ceton masu kwalara ko da babu ƙarin ruwa ta jijiya. Amma maganin ya dogara ga awo. Ruwa ya yi kaɗan, gishiri ya yi yawa, yana iya cutar da jaririn da ake son ceta. Ruwa ya yi yawa, haɗin ya yi rauni. Ƙungiyar BRAC ta fahimci haka, shi ya sa a shekarun 1980 ma'aikatanta suka bi gida-gida suna koya wa miliyoyin iyaye mata, har suna yi musu alama a jikin mazubin gidansu, daidai inda ruwan zai tsaya.

Nijeriya ta nemi nata ma'aunin a cikin abin da ke hannun jama'a. Haɗin gida da aka yaɗa a shekarun 1980 an gina shi ne a kan mililita 600, wato kwalbar giya guda ko kwalbar lemo biyu. A gidajen Musulmin Arewa ta farkon ba ta da wurin zama, sai aka dogara ga ta biyun, lokacin da kwalbar lemo ke cin kusan mililita 300. Daga baya kamfanoni suka fito da mai santilita 35, da mai 50, da robobi masu 60, "kwalba biyu" ta rasa ma'ana guda. Ƙunshin ORS da aka fi rabawa a asibitoci kuma na lita ɗaya ne. Ma'aikaciyar lafiya da ta ce wa uwa "ki zuba kofi huɗu" ba ta san wane kofi ke jiran ta a gida ba. Idan ƙaramin kofin shayi ne mai mililita 150, ruwan ya tsaya a 600, haɗin ya fi yadda ake so ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan babbar moɗa ce, an kai lita biyu.

Abin da dokar 1974 ta kasa yi, ruwan leda ya yi shi ba da niyya ba. Tun da fiya wata ya bazu a shekarun 1990, ya sanya rabin lita a tafin hannun kowa, daga ɗan acaɓa a Dutse zuwa tsohuwa a ƙauyen Jahun. Leda biyu lita guda, jaka mai leda 20 lita goma, jarka leda 50. Shi ya sa "leda biyu ga ƙunshi ɗaya" ya fi "kofi huɗu" aminci a bakin ma'aikacin lafiya. Sharaɗi biyu ne kawai: a duba jikin ledar, domin akwai masu santilita 60, a kuma karanta bayan ƙunshin maganin, domin ba kowane kamfani ke yin nasa don lita ɗaya ba.